Kwalbar da Ban Iya Karantawa Ba

Kafar Nabat, 14 ga Afrilu

'Yata Hiyam,

Gaisuwa mai yawa daga ubanki, da kuma gwiwarsa ta hagu, wadda ta ce in shaida miki tana nan yadda kika bar ta, sai ma abin da ya ƙaru. Ina fatan kina lafiya ke da mijinki Marc, da 'yar jaririyar nan Layal da har yau ban sani ba sai a hoto. Gwaggonki Salma tana gaishe ki. Hawan jininta ya sauka, muryarta ce dai ba ta sauka ba. Tuffa ta yi fure. Rula mai aikin jirgi ce za ta kawo miki wannan. Kada ki ce don me ban kira ba: a waya katse ni kike yi, takarda kuwa tana da ladabi.

To, ubanki ya jawo wa kansa. Kin tuna ranar Ista da kika miƙa wa surukinki Misyo Gaston waya kina yi mana tafinta? Ya tambaya ko na san gidajen giyar inabi masu kyau a Beirut, don in kai shi idan kun zo baftismar Layal a watan Satumba. Ni da bakina na ce na san su kamar yadda na san haƙorana. Ban yi ƙarya sosai ba: haƙoran saura kaɗan, su ɗin ma ban tabbatar da su ba.

Shi ya sa ranar Alhamis na sa rigar biki, na ɗauki sunayen wurare ukun da kika aiko, na gangara birni. Na farko a unguwar Mar Mikhayil yake. Kiɗa kamar ana rushe gida, kujerun kuma sai mutum ya yi tsalle kafin ya hau. Na gaishe su daga ƙofa na juya. Na uku a rufe na same shi. Na biyun ne labari.

Yana unguwar Jummaiza, a saman wata matakala, tsohon gida mai dogon rufi. Hiyam, na shiga sai na cire hulata ban sani ba. Bango guda daga ƙasa har sama kwalabe ne a kwance, kowace a raminta, shiru, kamar jarirai a asibiti. Mutane suna magana ƙasa-ƙasa. Na ga wani ƙato da gashin baki ya tura hancinsa cikin kofi ya lumshe ido, na ɗauka addu'a yake, har na kusa cewa amin.

Mai wurin wata dattijuwa ce, Sitt Wadad, tabaraunta a rataye da sarƙa. Ta ajiye min kofin da kaina zai shige, ta ɗiga wani ja a gindinsa, ta tsaya. Na jira ƙari, babu. Sai na ce a raina, ai ka gane, Tanyus, irin na arak ɗinmu ne, giyar gida da ake sirkawa: kashi ɗaya ita ta zuba, kashi biyu na ruwa kai ka ƙara. Na jawo tulun ruwa na cika shi, na miƙa hannu teburin maƙwabci na ɗebo ƙanƙara biyu na jefa.

Kowa ya juyo. Ta sa tabarau, ta dubi kofin, ta dube ni.

"Bawan Allah, me ya yi maka?"

Na ce, "Na ga aiki ya yi miki yawa ne, na ƙarasa miki."

"Shekara huɗu wani yana jiran abin nan ya nuna. Kai ka kashe shi kafin in juya baya."

Na ce, "Allah ya jiƙansa. Ya bar iyali?"

Mai gashin bakin ya ƙware da dariya. Ita ko gezau. Ta ɗauke kofin kamar mai ɗaukar gawa, ta ce in dai ina son in koyi zama cikin mutane, in dawo wata Talata da ƙarfe uku na rana, lokacin da babu wanda zan ba kunya sai kaina.

Sai maganar da kika rufe takardarki da ita, cewa ba za ki kawo Layal ba sai na shirya da baffanki Sarkis, don shi kike so ya riƙe ta a coci. Na karanta. Shekara tara ke nan ba ma magana, tun da na tumɓuke rabona na gonar inabin kakanki na shuka tuffa, katafila ta zarce ta taɓa nasa. Ni ne babba, Hiyam. Yana can kogonsa yana haɗa ruwan khal ɗinsa mai tsamin tsiya, ya san hanyar gidana. Ki sake tunani.

Ubanki,
Tanyus

*

Montreal, 3 ga Mayu

Babana,

Na samu takardarka da garin ganyen za'atar mai ƙanshi da Gwaggo ta ƙunso. Muna lafiya ƙalau. Layal ta fara juyawa da kanta, kuma idan ta yi dariya sai ta dubi fuskar kowa ta ga ko ya taya ta. Marc ya ce bai san inda ta gado wannan ba. Na ce ni na sani. Ka riƙa shafa maganin gwiwar nan, ba a ajiye shi kan talabijin don ado ba.

Na karanta wa Misyo Gaston labarin ƙanƙara, sai da ya zauna a ƙasa. Yanzu ya fi ɗokin ganinka a kan ganin Beirut.

Amma Baba, ban sake tunani ba. Ba zan tsaya a cocin da aka yi min baftisma ba, kai a wannan layi, Baffa a wancan, jama'a suna leƙen wanda zai fara kawar da kai. Lokacin da Mama ta rasu, shi ya riƙa kai ni makaranta a bayan jaki har ka dawo hayyacinka. In ba zai riƙe Layal ba, za mu yi abinmu a nan, in aiko maka hoto. Ba barazana nake yi ba, kuma ka san ina kuka nake rubuta wannan.

Ka koma wurin Sitt Wadad. Ka ce ta ba ka farar giyar nan mai koren kakin zuma a bakin kwalba. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka faɗa mata sunan gidanmu ko na garinmu. Ka zauna, ka sha, ka yi shiru.

'Yarka,
Hiyam

*

Kafar Nabat, 27 ga Mayu

Hiyam,

Ina lafiya. Gwiwa ta ga magani ta ce sun taɓa haɗuwa. Salma tana gaisuwa. Ki sumbatar min goshin yarinyar.

Na koma jiya. Babu kowa sai ita da hasken rana da ke shigowa ta tagar nan mai gilashi kala-kala, ya zuba a kan kwalaben. Ta kwashe tulun ruwa ta kai can nesa kafin ta ce in zauna.

"Riƙe shi ta ƙafa. Ba wuyan kaza ba ne."

Na riƙe.

"Juya shi a hankali."

Na juya, rabi ya koma kan rigata.

"Rigar ta sha nata. Yanzu kai shinshina. Me ka ji?"

Na ce, "Giya."

"Kai dai a makaranta ka wahalar da wani."

Na ce aji huɗu na yi, malamin ne ya fara gajiya.

Ta ba ni kala biyu, na ce da daɗi, don da daɗin. Sannan na tambayi mai koren kaki. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wa ya gaya min. Na ce a mafarki na gani. Ta hau tsani da kanta ta sauko da ita.

'Yata, ban san yadda ake rubuta wannan ba, kalmomina na kasuwa ne. Kalarta kamar bambaro da safe. Na kai hanci, sai ɗakin ya ɓace. Na ji ƙanshin dutse a ranar da ruwan farko ya taɓa shi bayan rani. Na ji za'atar na daji da akuya ta taka. Na kurɓa, na riƙe a baki kamar yadda ta ce, sai ga wani ɗan gishiri-gishiri, da ɗaci kaɗan irin na ɓawon ƙwayar almon, can ƙarshe kuma wani abu ya taso wanda ba ɗanɗano ba ne. Kakanki ne. Hannunsa, idan ya dawo daga gona ya dafa min kai. Shekara talatin ban tuna ƙanshin hannun nan ba. Ashe ana iya kama rana da dutse da mutumin da ya mutu a zuba su a kwalba a toshe? Ni da na girma cikin inabi ina ganinsa abin ci ne, abin da ya rage a dafa arak.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai ji na yi ta ce, "Ashe bakin nan yana da murfi."

Ta ce mutum ɗaya ne yake yin ta, shi kaɗai, a kan tudu irin mai hawa-hawan dutse inda mota ba ta zuwa. Kurangun inabinsa sun haura shekara ɗari. Ba ya ba su ruwa, su suke nemo abinsu a ƙarƙashin dutse. Da asuba yake tsinka, da hannu, ya sauko da su a bayan jaki. Na ce, wallahi in na ga mutumin nan sai na sumbaci hannunsa. Wane ne? Ta juyo min da kwalbar ta ce, "Ga shi nan a rubuce." Rubutun Faransanci ne, da zanen wasu kututture. Kin san ubanki: Larabcin ma sai ya bi da yatsa. Na gyaɗa kai na ce, "Oho, shi ne ashe." Girman kai bai bar ni na ce ta karanta min ba.

Na kuma bi umarninki. Da ta tambayi sunana na ce Abu Jamil, direban babbar mota daga Zahla. Sunan gidanku yana nan da tsabtarsa, ban shafa masa komai ba. Na gane, 'yar Baba. Wanda ya zuba ƙanƙara a kofin mutane ba a so a san wace ɗiya ya haifa, balle ga suruki Bature yana tafe. In kun zo ma kina iya cewa ni mai gadin gidan ne, na iya buɗe ƙofa. Ba fushi na yi ba. Dariya ma nake.

Tanyus

*

Montreal, 16 ga Yuli

Baba,

Mako bakwai ke nan. Na rubuto a watan Yuni, shiru. Na kira sau shida, Gwaggo ta ce lafiyarka ƙalau, kana cin abinci kamar mutum biyu, amma da an miƙo waya sai kunnenka ya kama ciwo. Mu muna lafiya. Layal ta fitar da haƙori ɗaya, ta kusa kamo ka.

Na sake karanta takardarka har ta fara yagewa a ninki. Duk inda ka ce dariya kake, na san inda ya yi maka ciwo. Mai gadi, Baba? Ni da nake ba da labarinka a kowane teburi har Marc ya haddace? Ban taɓa jin kunyarka ba, ko ranar da ka zo bikin gama makarantata da takalmi kala biyu.

Laifina ne, na yi maka dabara ban yi bayani ba. Wurare biyun nan na haɗa ne kawai don kada ka gane. Wurin Sitt Wadad nake so ka je. Na hana ka faɗin sunanmu ne don da ta ji shi za ta gaya maka abin da ke cikin kofin, kai kuma ka ture shi ka ce ruwan khal ne. Na so bakinka ya yanke hukunci kafin zuciyarka ta sa baki. Kuma ya yanke, ga shi a hannuna da rubutunka.

Ka koma, ka faɗa mata sunanka na gaskiya, ka ce ta karanta maka abin da ke jikin kwalbar. Ba abin kunya ba ne.

Dole mu sayi tikiti kafin tsakiyar Agusta, in ba haka ba Marc ya rasa hutunsa. Ina jiran kalma ɗaya daga gare ka.

Hiyam

*

Kafar Nabat, 3 ga Agusta

'Yata, hasken idona,

Ina lafiya, kunne ya warke ranar da takardarki ta iso, likitoci su yi bincike. Gwiwa kuwa ta shigar da ƙara, za ki ji dalili. Ki yafe wa tsohon jaki. Na karanta layi ɗaya na gina masa bene hawa uku na shiga na kulle kaina.

Na gangara washegari. Na ce, "Sitt Wadad, ni ba direba ba ne, ko keke ban iya ba. Kuma rubutun nan ban san ko ta ina ake fara shi ba. Karanta min."

Ta karanta: "Tsofaffi Bakwai. Sarkis Mubarak, Kafar Nabat."

Na nemi kujera, alhali a zaune nake.

Ta ce, "Ka san shi?"

Na ce, "Ciki ɗaya muka fito. Ni ne Tanyus."

Ta cire tabarau a hankali. "Kai ne mai katafila?"

Ashe har Beirut an san ni, ban sani ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, kina makaranta a lokacin, kuma na san shi ba zai faɗa ba. Ba katafilar ce ta raba mu ba. Kuranga bakwai ta cinye a kan iyaka, cikin waɗanda kakan kakanki ya dasa. Ranar Lahadi bayan sujada ya tare ni a ƙofar coci, idonsa ja, ya ce, "Yaya, ka ga abin da aka yi min?" Kalma ɗaya yake nema. Ni kuma na ga jama'a sun taru, bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ce, "Kai da ka kasa auren mace ɗaya ka zauna kana hidimar tsofaffi bakwai, ai gode min za ka yi, na sakar maka su." Aka kwashe da dariya har da Abuna limamin coci. Tun ranar ake kiransa mijin tsofaffi. Na ji daɗin maganar nan mako guda. Shi ya ɗauke ta shekara tara, ya manna a jikin abin da ya fi komai kyau da na taɓa sawa a bakina.

Da safe na hau tudun. Hawa goma sha ɗaya, na ƙirga da gwiwa. Na same shi a tsugune yana rage ganye don rana ta samu 'ya'yan. Ya tsufa, Hiyam. Ƙeyarsa ta zama ta kakanki sak.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ya ci gaba da rage ganyensa.

"Sarkis, na ce sannu da aiki."

"Na ji. Ƙarshen nake jira, inda ake dariya."

"Babu."

"To ba kai ba ne."

Na ce na sha abinsa a Beirut ban san nasa ba ne, kuma na rantse a gaban shaida zan sumbaci hannun mai shi. Ya dubi hannun ya ce da datti. Na ce na gani. Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara kamar an karya itace, na kama hannun na cika rantsuwata. Ya fizge, ya juya baya, ya daɗe yana gyaran wani ganye da ba abin da ya same shi.

Sannan ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani lungu bayan kogon, ya nuna min layi bakwai na kuranga matasa, kore shar, sun yi nauyi da 'ya'ya. Ashe ranar da katafila ta wuce, ya bi bayanta yana tsintar karyayyun rassa, ya dasa su a nan, yana ɗauko musu ruwa a kafaɗa rani biyu har suka kama. Ba su mutu ba, 'yata. Na tsaya a gabansu kamar yadda ake tsayawa a gaban bagade. Ni na tura ƙarfe, shi ya bi da yatsu, kuma yatsun ne suka yi nasara.

Ya ce, "Layal zan riƙe ta. Ba don kai ba. Gaya wa Hiyam ta sayi tikiti."

To kin ji kalmar da kike jira. Ki saya yau.

Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Amma ba zan zauna teburi ɗaya da kai ba, ba kuma za ka ƙara ɗanɗana ko ɗigo ba, sai ka ɗauke ni a inda ka yar da ni. Ƙofar coci, bayan sujada, gaban mutane. Ka ce ka zalunce ni."

Na ce, "Shi ke nan? Ai gobe ma."

"In mutum ɗaya ya yi dariya, ba a yi ba."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Lahadin farko na hau matakala na yi gyaran murya na ce, "Jama'a, ina da magana." Ban ƙara ko harafi ba Abu Fadi mahauci ya riƙe ciki. Na ce, "Na zalunci ƙanena." Wata ta ce, "Sai kuma aka yi yaya?" Aka fashe. Sarkis ya sa hularsa ya bi hanyar tudu. Jiya na sa baƙar kwat don a san da gaske nake. Abu Fadi ya ce, "Wa ya mutu, Tanyus, ko tuffar ce?" Na ce don girman Allah ku saurare ni, har muryata ta karye, hawaye ya zubo. Suka yi tafi. Salma ma, 'yar'uwata, ta ce ban taɓa yin wanda ya kai wannan ba. Shekara sittin da bakwai ina koya wa garin nan cewa in na buɗe baki a shirya, yau ina roƙonsu su manta.

Ki gaya wa Misyo Gaston gida ɗaya na sani a Beirut, amma ya isa. Ranar liyafa kuwa ina so in ga ƙanena a gefena, ba a ƙarshen rumfa ba.

Saura Lahadi biyar kafin ranar. Kowace safiya ina tsayawa gaban madubi ina gwadawa. Har yanzu mutumin da ke ciki bai daina murmushi ba.

Ubanki mai ƙaunarki,
Tanyus